Rasuwar Bernice Timoti, Yarinyar da Muka Ce Ta Jira

Cikin alhini da rawar jiki a gaban ikon Allah Maɗaukaki, Majalisar Dattawan Zumuncin Majami'un Ƙauye ta Ikara, Makarfi da Kudan, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Mai Girma Rabaran Abraham Ɗan'azumi, ta karɓi labarin rasuwar 'yarta kuma cikakkiyar 'yar ikkilisiya, Malama Bernice Timoti ta majami'ar Gubuchi, wadda Ubangiji ya kira zuwa hutawa da hantsin ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 1986, tana da shekara goma sha uku da wata huɗu a duniya, bayan doguwar jinyar amosanin jini, ciwon nan da likitoci ke kira sikila. An yi jana'izarta washegari Juma'a a makabartar majami'ar Gubuchi, a gaban taron da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin an yi wa yaro irinsa ba.

A madadin Mai Girma Shugaba, da fastoci, da masu bishara, da dattawa, da dikinoni, da Zumuntar Mata a ƙarƙashin Shugabarta, Uwargida Sabuwa Iliyasu, da dukan 'yan'uwa masu bi daga Paki har Malikanchi, Majalisa tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifin marigayiya, Dikon Timoti Gubuchi, da mahaifiyarta, Uwargida Lantana Timoti, da sauran dangi na kusa da na nesa, Kirista da Musulmi.

Jama'a sun sani ba al'adar wannan Majalisa ba ce ta fitar da takardar ta'aziyya saboda yaro, domin tun kafuwarta fastoci da dattawan da suka tsufa cikin aikin bishara kaɗai ake yi wa haka. Haka kuma ba a saba kiran yarinya mai shekara goma sha uku da laƙabin Malama ba. Majalisa ta zauna ranar Asabar ta yanke, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, cewa a yi mata duka biyun, kuma ta umarce ni in rubuta dalili filla-filla, har da abin da ba zai yi mana daɗin ji ba.

Bernice ita ce haihuwa ta huɗu ga Uwargida Lantana, kuma ita kaɗai ce ta wuce shekara biyar. Uku na farko sun tafi ɗaya bayan ɗaya da kumburin hannu da ƙafa da kukan da ba ya jin rarrashi, har dangi suka fara kiran uwar mai wabi, wasu kuma suka ce wa Dikon Timoti sakamakon barin tsafin iyayensa ne yake gani. Sai a kan Bernice ne wani malamin asibiti ya auna jini ya gaya musu sunan ciwon, ya kuma gargaɗe su cewa sanyi ne babban abokin gabarta, kada ruwan sama ya dake ta, kada ta yi wanka da ruwan randa. Wanda bai taɓa zama kusa da mai wannan ciwo ba a ranar da ya tashi, ba zai gane abin da muke faɗa ba. Yakan kama ƙashi ne daga ciki, yaro ya yi ta murƙususu kwana uku, kwana biyar, ba inda za a taɓa shi a ce an rage masa. A cikin 'yan shekarun nan na tsuke bakin aljihu, da za a kai yaro asibiti a dawo da takardar sunan magani kawai, iyayenta sun sha yin jinyarta da ruwan ɗumi da addu'a, don babu wani abu a hannunsu bayan waɗannan.

Duk da haka, hidimar da yarinyar nan ta yi wa ikkilisiya ta fi ta wasunmu masu furfura. A ranakun da ba ta iya zama, akan shimfiɗa mata tabarma a bayan ajin Makarantar Lahadi, daga kwance take koya wa ƙanana waƙoƙi, kuma malamar ajin ta shaida cewa yaran sun fi jin maganarta a kan ta manya. Ita ce ta gano cewa dutsen da aka ɗumama a bakin murhu aka naɗe da tsumma yana rage zafin gwiwa, ta kuma matsa wa mahaifinta sai da ya riƙa ɗaukar ta a bayan keke ranakun kasuwa zuwa duk gidan da ta ji labarin akwai yaro mai irin ciwonta, ko na Kirista ne ko na Musulmi. Takan zauna kusa da yaron ta gaya masa gaskiya, cewa zafin zai ƙaru kafin ya ragu, amma zai ragu, ta sa a ba shi ruwa ya sha da yawa, sannan ta juya ga uwar ta ce mata ba maita ba ce, ba kuma laifinta ba ne. Manoman Gubuchi suna tsokanarta cewa ƙasusuwanta sun fi rediyo sanin ranar ruwa, sukan leƙo su tambaye ta ko su yi shuka, ita kuwa takan yi dariya ta ce musu su biya ta da rake tukuna.

Yanzu na zo kan abin da ya shafe mu. Dokar wannan Zumunci ita ce baftisma sau ɗaya ake yi a shekara, ranar Lahadin da ke bin Kirsimeti, a cikin rafin da ke gabas da Gubuchi, kuma sai an nutsar da mutum gaba ɗaya. Dokar tana da tushe. Yawancin dattawanmu a wannan rafi suka shiga ruwa a gaban iyayensu da suka yi fushi da su, a daidai gaɓar da kakanninsu ke yanka wa iskoki kaji, don haka a wurinsu shiga ruwan nan shi ne shaidar da ba a ja da ita. Da damina rafin yakan yi ambaliya, da bazara ya ƙafe, sai a ƙarshen shekara ne yake daidai ƙugu. A lokacin kuma ruwan yakan yi sanyin da ƙato ma sai ya cije haƙori kafin ya shiga.

Bernice ta gama ajin baftisma a shekarar 1983, ta amsa tambayoyin dattawa ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Muka duba jikinta, muka tuna gargaɗin malamin asibiti, muka ga shigar da ita rafi daidai yake da kashe ta. Yayyafa ruwa a ka kuwa ba hanyarmu ba ce, ba mu ko kawo shi a magana ba. Sai muka yanke abin da muka ɗauka tausayi ne, muka ce ta jira ta samu lafiya. Ta sake neman baftisma a 1984, muka sake ce mata ta jira. Ni da nake rubuta wannan takarda, da hannuna na rubuta wannan hukunci sau biyu a littafin Majalisa, kuma ban ji komai a raina ba lokacin da nake rubutawa. Mu goma sha ɗaya ne a zaune, a cikinmu akwai masu karatu, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yaushe ne mai sikila ke samun lafiyar da muke jira.

Abin da hukuncin ya jawo, ba mu gan shi ba sai daga baya. A majami'unmu wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya cin Jibin Ubangiji, kuma ranar Lahadin farko ta kowane wata akan sallami yara su fita kafin a buɗe gurasa da ƙoƙo. Shekara biyu Bernice tana fita tare da ƙanana, ta zauna a gindin darbejiyar da ke daura da taga, inda take hango kan mahaifiyarta. Uwargida Lantana kuma, tun daga ranar da aka fara ce wa 'yarta ta jira, duk lokacin da faranti ya iso gabanta sai ta miƙa shi gaba ba ta taɓa ba. Dattawa suka lura, suka ɗauka gaba take yi da wata ko kuwa wani zunubi take ɓoyewa, har aka tura mutum biyu su gargaɗe ta cewa za a sa ta ƙarƙashin horo. Matar nan dai ruwa kawai ta kawo musu, suka sha suka tafi.

A watan Nuwamba na bara, Bernice ta roƙi a bar ta ta zo gaban Majalisa da kanta. Mahaifinta ya kawo ta Makarfi a bayan keke, an naɗe ta da bargo, Uwargida Sabuwa tana biye da su. Ta durƙusa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya da sunansa, kamar yadda aka rene ta, sannan ta yi magana a hankali. Ta ce ba ta zo da fushi ba, kuma ba ta tsoron Yesu zai mayar da ita daga ƙofa don rashin ruwa, gama da jininsa ya fanshe ta, kuma an gama wannan tun kafin a haife ta. Ta ce ta san ba za ta warke a nan duniya ba, ta daɗe da sani, kuma ba ta ga amfanin manya su yi ta ɓoye wa junansu abin da yaro ya sani ba. Abu ɗaya take roƙo, a bar ta ta zauna kusa da innarta a teburin Ubangiji ko sau ɗaya ne kafin ta tafi, domin innarta ta yi shekara biyu da yunwa saboda ita, kuma tana tsoron in ta tafi a haka, innarta ba za ta ƙara taɓa ƙoƙon ba har abada. A ranar ne muka san dalilin Uwargida Lantana. Na ɗaga kai na duba 'yan'uwana dattawa, ban samu wanda ya iya kallon yarinyar ba.

Kada a ɗauka daga nan muka miƙe tsaye. Mun yi zama uku muna gardama, wani ya ce in aka sassauta wa ɗaya an rushe doka, wani ya ce ruwan da ba na rafi ba wanka ne kawai, ni kuma na kawo shawarar a kafa kwamiti. Uwargida Sabuwa ce, wadda ba ta da ƙuri'a a Majalisa, ta nemi izini ta tambaye mu ko dokar ta ce sai ruwan ya yi sanyi. Aka buɗe littafi aka duba, ba ta ce ba. Ta ce to, matan Zumunta za su ɗebo ruwan wannan rafi da kansu, a ɗumama shi a bakin wannan rafi, a nutsar da yarinya gaba ɗaya kamar kowa. Abin da ya rage shi ne mazubin da zai ɗauki mutum a kwance, kuma a duk yankin nan abu ɗaya ne ke da wannan faɗi, wato babban kaskon ƙarfe da ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila.

Majalisa tana so a rubuta sunan Alhaji Tukur Mai Rake na Gubuchi a wannan takarda da girmamawa. A wurinsa Dikon Timoti ke aikin matsar rake, kuma lokacin tsakiyar aiki ne, ga sukari ya ɓace a kantuna, masu sari suna kwana biyu a layi suna jiran mazarƙwaila. Da Dikon ya je masa da maganar yana jin nauyi, Alhaji bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce shi ma ya binne ɗa da wannan ciwo, kuma yarinyar nan ta taɓa zuwa gidansa da dutsenta a tsumma lokacin da jikarsa ke kwance. Ya kashe wutarsa kwana biyu, ya kwance dokin da ke juya injin matsa, ya sa aka ɗora kaskon a amalanke aka kai bakin rafi.

Ranar Lahadi, 29 ga Disamba, 1985, bayan an nutsar da manya goma sha bakwai a cikin rafi suna karkarwa, taro ya juyo wajen kaskon. Mata sun wanke shi da toka da yashi har sau uku, sun jera tulu sama da talatin, an hura wutar ɓawon rake a ƙarƙashinsa aka kuma janye ta. Uwargida Lantana ce ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta, ta sa aka ƙara tulu biyu, ta sake tsomawa, sannan ta gyaɗa kai. Dikon Timoti ya ɗauko Bernice cikin farar riga, nauyinta bai kai na yaro ɗan shekara takwas ba. Mai Girma Rabaran ya durƙusa a ƙasa, abin da bai taɓa yi wajen baftisma ba, ya nutsar da ita cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Tururi na tashi, ƙamshin mazarƙwaila da wanki bai iya cirewa ba ya cika wurin, har ƙudan zuma suka fara kewayawa a saman ruwan. Da ta ɗago, sai ta lashi leɓenta ta yi dariya, ta gaya wa Rabaran ruwan da zaƙi. Sannan muka tayar da waƙar da muka shirya. Na halarci baftisma ashirin da shida a wannan rafi, ban taɓa jin tsoron Allah ya sauko mini irin na ranar ba, kuma na ga dattijon da ya fi kowa ja da maganar yana share fuska da hularsa.

Lahadin farko ta Janairu ba a sallame ta tare da yara ba. Ta zauna a bencin mata, faranti ya iso, ta ɗauki gurasa ta riƙe ba ta kai baki ba sai da ta ga innarta ta ɗauka. Sau takwas suka ci Jibin Ubangiji kafaɗa da kafaɗa. Na takwas, ranar 3 ga wannan wata, a ɗakinsu aka kai musu, domin sanyin damina ya riga ya kwantar da ita.

An kai ta asibiti a Zariya, mahaifinta ya ba da jininsa, ta ɗan farfaɗo, ta roƙi a mayar da ita gida. Waɗanda suka yi jinyarta a kwanakin ƙarshe sun shaida cewa zafin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, kuma ta yi kuka, ta yi ihu, kada wani ya ce ba ta yi ba. Amma duk lokacin da ya lafa, takan ce Mai Cetonta ma an huda masa hannu da ƙafa, don haka ba sai ta yi masa dogon bayani ba, ya san wurin. Ta gaya wa mahaifinta cewa abin da ta fi ɗoki a tashin matattu shi ne ta tsaya cikin ruwan sama har ya jiƙe ta sharkaf. Da hantsin Alhamis, kanta a cinyar innarta, ta cika.

Majalisa ba ta da amsar dalilin da ya sa Allah ya bar yarinya irin wannan ta sha abin da ta sha, kuma ba za mu yi wa iyayenta ƙaryar cewa muna da ita ba. Abin da muka gani da idonmu kaɗai za mu faɗa. Mun ga bangaskiyar da muke wa'azinta shekara da shekaru tana zaune a jikin da ko tulu bai iya ɗauka ba, mun ga wadda muka hana teburi ta zo ta koya mana ma'anar fansa ba tare da ta ɗaga murya ba, kuma abin ya fi ƙarfin fahimtarmu. A gaban Allah da gaban jama'a, Majalisa tana neman gafarar Dikon Timoti da Uwargida Lantana saboda shekara biyun da muka ɗauke musu, da kuma gargaɗin horon da muka aika wa uwa mai jinya.

Akwai saƙon da marigayiya ta bari a hannuna. A watan Yuni ta aiko mini da takarda da rubutunta, sunayen yara biyar masu irin ciwonta, biyu a Paki, ɗaya a Malikanchi, biyu a Kudan, waɗanda suka gama ajin baftisma amma iyayensu suka ji tsoron rafi ba su ko kawo su gabanmu ba. Ta roƙi in rubuta sunayensu a littafin Majalisa, a ƙasan wurin da na rubuta nata. Na ajiye takardar da nufin kawo ta a zaman ƙarshen shekara, wato ni ma na sake cewa a jira. Ranar Asabar na karanta ta a gaban dattawa, kuma Majalisa ta yanke cewa daga yau ba za a ƙara ce wa yaro marar lafiya ya jira ya warke ba, kuma ba za a jira Disamba ba. Alhaji Tukur, da ya zo gaisuwa ranar Juma'a, ya bar wa majami'a wancan kasko kyauta, ya ce ya riga ya yi odar wani.

Muna roƙon Allah Uba, Mai yawan jinƙai da ta'aziyya, ya ba Dikon Timoti da Uwargida Lantana ƙarfin ɗaukar wannan rashi na huɗu, ya tsaya musu a ranakun da masu gaisuwa za su watse gida ya yi shiru, ya riƙe su da begen cewa za su sake ganin 'ya'yansu huɗu a inda babu ciwon ƙashi. Ya ta'azantar da yaran Makarantar Lahadi da suka rasa malamarsu, ya saka wa matan Zumunta da Alhaji Tukur da alheri, ya dubi dukan iyayen da ke jinyar yara a wannan lokaci mai wuya, ya kuma gafarta mana mu dattawa.

Ana gayyatar dukan jama'a zuwa bakin rafin Gubuchi ranar Lahadi, 31 ga Agusta, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, inda za a yi wa yaran nan biyar baftisma. Majalisa ta so ta ɗauke wa Uwargida Lantana kowane aiki saboda makoki, amma ta aiko Uwargida Sabuwa ta gaya mana cewa ita za ta auna ɗumin ruwan, domin babu gwiwar hannun da ta kai tata sanin abin da jikin irin waɗannan yara ke iya ɗauka. Ta kuma ce a ajiye musu wuri kusa da ita a bencin mata ranar Jibin Ubangiji mai zuwa.

Sa hannu,

Dattijo Istifanus Sada
Sakatare kuma Kakakin Majalisar Dattawa
Zumuncin Majami'un Ƙauye na Ikara, Makarfi da Kudan
Litinin, 18 ga Agusta, 1986